Ɓallin Gwangwani a Bayan Biyarin

Shekara biyu bayan rasuwar matarsa, tsohon makaniken da ake kira Mai Hannu ya sauke injin motarta, ya baje a tsakar gida. Sunan ya samo asali ne daga ikirarinsa cewa yatsunsa sun fi kowane ma'auni. Wannan hali ya kore masa abokai ɗaya bayan ɗaya, sai aminin ƙuruciyarsa kaɗai, wani mai yankan ƙarfe.

Motar irin ta da ce, inji a baya, iska ke sanyaya shi. 'Yarsa tilo za ta ƙaura nesa da mijinta ranar Asabar, kuma abu ɗaya ta roƙa: "Baba, ka kawo min motar Mama da kanka."

Gidan injin ɓari biyu ne, kuma ramukan da biyarin ke zama a ciki sun cinye. Biyarin shi ne zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Aminin ya ɗora shi a kan injinsa na yankan ƙarfe, ya gyara ramukan, suka ɗan ƙara faɗi.

"To, yanzu sai biyarin mai kauri," in ji shi. "Na aika a kawo. Kwana goma."

"Ina da sabo a kwali tun kafin gashinka ya zube," in ji Mai Hannu.

"Sabo ne, amma ba nasa ba ne. Zai yi rawa a ciki. Zo ka ga ma'auni, abokina."

"Ajiye abinka ka auna tumbinka."

A gida Mai Hannu ya yanka gwangwanin madara, ya shimfiɗa ɓallin a bayan biyarin don ya cike giɓin, ya haɗa ɓari biyun, ya ɗaure. Ya juya karanshaf, wato sandar injin, da hannu, ya ji ya ɗan yi tauri. Da matar na nan da ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ka tabbata?" Babu kowa a tagar. Ya ce wa kansa zai saki in ya yi zafi.

Ranar Asabar ya wanke motar, ya kama hanya. Bai san ɓallin ya zame ya toshe kafar da mai ke bi ba. Bayan tafiyar awa ɗaya jar fitilar gargaɗi ta kama, injin ya yi ƙwanƙwasa, ya tsaya cak. Biyarin ya narke, ya juya, ya yage ramin yadda ba mai iya sake gyara shi. Irin wannan gidan inji kuwa an daɗe da daina ganinsa a kasuwa.

'Yar ta kira. "Baba, direban da zai kai mu ya gaji da jira. Kana ina?"

"Ku tafi, 'yata. Ina hanya."

Ya zauna a kujerar da matarsa ke zama, motoci suna wucewa. Ya nemo lambar amininsa, ya daɗe yana kallonta.

Darasin a nan shi ne, ƙwarewa ba ta ɗauke wa mutum awo. Wanda ya saba korar masu ce masa "dakata", wata rana zai yi kuskure babu kowa a kusa da zai tsayar da shi, kuma abin da zai lalata shi ne abin da ya fi so.