Faifan Tabawa da Kumfar Rana

Dalilin da ya sa saniya ke rowar nono da bazara ba mugun hali ba ne, yara. Ku matso ku ji.

A da can, saniya ba ta san zafi ba. Rani da damina hantsarta cike take, kowace shekara kuma da sabon maraƙi. Rana maƙwabciyar makiyaya ce. In an gama tatsa da safe, sai a bar ƙwarya a buɗe, Rana ta leƙo ta lashe kumfar sama ta wuce. Iyakar rabonta ke nan.

Akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai saniya ɗaya tak da jika jariri wanda uwarsa ta rasu, madarar nan ce abincinsa. Tabawa akwai kirki, amma akwai son a sani. Wata rana ta saƙa faifai mai ado, ja da baƙi, ta ga ai ƙwarya ba ta kyau sai da shi. Ta rufe. Mata suka gani, kowa ta saƙa nata.

Rana ta leƙo, babu kumfa. Washegari ma haka. Sai ta fusata, ta sauko ƙasa-ƙasa ta tsaya a kan garke. Shanu suka daina kiwo, sai haki da dalalar miyau. Hantsa ta motse. Bijimi ya yi barbara, ciki bai shiga ba. Jikan Tabawa ya yi kuka har muryarsa ta dushe, hankalin tsohuwa ya tashi.

Ta goya shi, ta fita fili da tsakar rana.

"Baiwar Allah, me muka yi miki?"

"Kun rufe mini ƙwarya, Iya. Yanzu daga hantsa nake shan rabona."

"Ni na fara, kuma don ado na yi. Ga faifan, ƙone shi. Amma dubi yaron nan, shi me ya sani?"

Rana ta dubi ɗan bakin da ya bushe, tausayi ya kama ta.

"Na riga na rantse, duk bazara sai na sha," in ji ta. "Amma abin da inuwa ta rufe, ba ruwana da shi. Da sassafe da yamma ma na kau da kai."

Tabawa ba ta tsaya godiya ba. Ta ja saniyarta gindin gawo, ta cika mata kwatarniya da ruwan sanyi. Da yamma ta kai ta kiwo. Da gari ya waye ta durƙusa ta ja nono. Sai ga madara, tsiiir, a gindin ƙwarya. Ba yawa, amma yaro ya sha ya ƙoshi ya yi barci. Tsohuwa ta zauna daɓas, tana dariya tana share hawaye.

Shi ya sa har gobe, in bazara ta kama, nono ke raguwa, ciki ke wuyar shiga. Makiyayi mai hankali kuwa, kafin rana ta take tsaka, ya riga ya kora garkensa inuwa.