Yadda Maɗaci Ya Rabu da Zaƙinsa

Dalilin da ya sa maɗaci yake da ɗacin nan, yara, ku matso ku ji. Da can ɓawonsa zaƙi gare shi kamar rake. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ɓantara ya tauna, har jikin itacen ya zama rauni ko'ina, ganyensa ya fara zuba.

A wani ƙauye bakin fadama akwai wata mai saƙar faifai, Tabawa, da 'yarta tilo, Kyauta. Wata damina sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da Kyauta. Jiki zafi rau, ga rawar ɗari, idanunta suka yi fari fat don ƙarancin jini. Ko kunu ba ya zama a cikinta. Tabawa ta ɗauki wuƙa ta nufi itacen, ko yarinyar ta sami abin tsotsa.

Tana ɗaga wuƙa, itacen ya ce ta dakata. Ya gaya mata sauro ya zuba wa 'yarta wasu ƙananan halittu a jini, su kuwa ba abin da suke so kamar zaƙi. In ta ba ta ɓawonsa, su za ta ciyar.

Tabawa ta zauna a ƙasa, ta ce, "To, Baba, me zai kore su?"

Ya ce, "Ɗaci. Ni kuma zaƙin nan kashe ni yake yi. Kawo mini maɗaciyar akuya ki zuba a saiwata, in shanye. Amma ki yi mini alkawari, duk mai ɗibar ɓawona ya sassaƙi gefe guda, ya bar mini sauran in rayu."

Akuya ɗaya ce da Tabawa, da nonon akuyar take lallaɓa yarinyar. Ta daɗe tana kallon akuyar a turke, sannan ta kira maƙwabcinta Shekarau ya yanka. Ta kai maɗaciyar ta tsiyaye a gindin itacen. Da gari ya waye ta sassaƙo ɓawon, ta ɗanɗana, sai da hawaye ya zubo mata.

Ta jiƙa ta ba Kyauta. Yarinya ta tofar, uwa ta rungume ta tana rarrashi har ta haɗiye. Can gumi ya keto mata. Kafin a ci kasuwa ta gaba, Kyauta na zaune a ƙofar ɗaki tana shan romon akuyar nan, tana neman ƙari.

Masu tauna suka zo kamar kullum, suka tofar, suka yi ta mita. Itacen kuwa ya warke, ya yi tsawo, ya baza inuwa. Mutane suka sa masa suna maɗaci.

Shi ya sa har yau yake da ɗaci, kuma in kun duba jikinsa za ku ga gefe guda kawai masu magani suke sassaƙa. Alkawarin Tabawa ne suke cikawa.