Tambarin Arlo a Jikin Maruƙana

Arlo Tveit maƙwabcina ne a kwarinmu na Montana, mutum mai fara'a, sai dai idonsa ba ya sauka daga kan abin wani. Kakansa da kakana a keken doki ɗaya suka iso kwarin nan. Tare suka sare itatuwa suka gina gidan gungumen da Arlo ya gada, a ciki suka sha sanyin shekarar farko. Tun daga lokacin, a harabar gidan ake taruwa duk bazara a yi gayyar buga wa maruƙa tambari da ƙarfe mai zafi.

Shekarar da doki ya karya mini ƙafa, Arlo ya zo dubiya.

"Kwanta abinka, Emmett, gurgun banza," ya ce yana dariya. "Shanunka shanuna ne."

Na ji daɗi har raina, na bar masa kiwon garkena. Bayan wata guda ya dawo fuska a murtuke, wai kyarkeci ya cinye mini maruƙa bakwai. Har godiya na yi masa, ni sakarai.

Ranar gayya aka koro garkena ta bayan tsohon gidan. Nan take shanu bakwai suka tsaya cak suna kuka, daga cikin rumbun ciyawa kuma aka amsa musu. Wani ya buɗe ƙofa. Maruƙa suka fito a guje, kowanne ya nufi uwarsa ya kama nono. Tambarin Arlo na jikinsu ɗanye, nawa kuma na jikin uwayen.

Inna Signe, mahaifiyar Arlo, ta ajiye tukunyar wake ta dube shi.

"A gidan kakanka, Arlo? Dabbar gurgu?"

"Inna, kuskure ne..."

"Har sau bakwai?"

Mutane suka ɗaura sirdi ɗaya bayan ɗaya, suka watse. Ni da sanda na dogara na wuce shi. Wallahi zafin ƙafar bai kai na ƙirjina ba. Ba a sake kunna wutar gayya a harabar nan ba, kuma mutum ɗaya ba ya iya riƙe garke. Cikin shekara uku Arlo ya sallama gidan ga baƙi, suka mai da shi wurin ajiye taki.

Darasi: kakanni na iya bar maka gida da fili, amma yardar maƙwabta ce ke riƙe su a hannunka. Wanda ya ci amanar da aka ba shi a lokacin rauni, ya rushe abin da bai gina ba.