Tasalla da Autan Gizagizai

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

Ta ƙaraso, muna sauraro.

Akwai wasu manyan birane guda biyu, Birnin Garwashi da Birnin Raɓa. A Birnin Garwashi rana ke mulki. Ka shanya wanki, kafin ka juya ya bushe. Ruwan sama kuwa sai dai a labari, rijiya suke sha. A Birnin Raɓa, da safe ruwa, da azahar ruwa, da yamma ruwa. Gishiri ya narke a ƙoƙo, takalmi ya yi funfuna.

To, a Birnin Garwashi akwai wata yarinya, sunanta Tasalla, tana zaune da kakarta Iya Kande. Ita Iya Kande haifaffiyar Birnin Raɓa ce, aure ya kawo ta. Da tsufa ya zo, sai zafi ya kayar da ita. Ba ta ci, ba ta barci, sai fifita.

Ran nan ta ce, "Tasalla, 'yar nan, da zan ji ƙamshin ƙasa in ruwan sama ya sauka, da na tashi."

Tasalla ta ɗebo ruwan rijiya ta yayyafa a tsakar gida. Iya ta shaƙa, ta girgiza kai. "Ba shi ba ne."

"To Iya, zan kawo miki na sama."

"Ke, wa ya taɓa ɗauko girgije?"

"Ni zan fara."

Ta bar Iya a hannun maƙwabta, ta ɗaura ɗamara, ta kama hanya tana waƙa:

"Zafi nawa, sanyi na Iya,
Sai na kai wa Iya nata."

Tana tafiya, tana tafiya, har ƙasa ta koma taɓo. Ta shiga Birnin Raɓa, ta wuce fadar Sarkin Hadari. Ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, aron girgije ɗaya na zo nema. Kakata ba lafiya."

Sarki ya yi dariya har ƙasa ta girgiza. Ya ce, "Zan ba ki. Amma ki tsaya gaban jama'a ki ce garina ya fi naki daɗi."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, garinka ya fi sanyi. Amma namu ya fi mini daɗi."

Sarki ya saki ruwa a kanta, ta jiƙe sharkaf. Ta matse zaninta, ta koma ta zauna.

Da gari ya waye ya sake tambaya. Ta ce, "Garinka ya fi ciyawa. Amma tun da na zo zanina bai bushe ba. Namu ya fi mini daɗi."

Sarki ya turo mata sauro da mura. Ta yi atishawa, ta yi susa, ta koma ta zauna.

Karo na uku Sarki ya zo mata da tsawa da walƙiya. "Ke, ba kya son kakar taki ta warke?"

Hawaye ya cika mata ido. Ta ce, "Ina so, ranka ya daɗe. Amma ba da ƙarya za a yi mata magani ba. Ni zafi nake so. A garinmu sama fili ce fetal, ba mai ture wani. A nan in hadari ya taso, mutane tsaki suke yi, su ce, 'Kai, ruwa kuma?' A can, girgije ɗaya ya leƙo, har da kalangu za a tarye shi."

Ashe Autan Gizagizai yana ji. Shi ne ƙarami cikin gizagizan Sarki, 'ya'yansa, kullum yayyensa suna matse shi a gefe, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube shi. Ya leƙo ya ce, "Da kalangu kika ce?"

"Da kalangu da guɗa."

"Baba, ni zan bi ta."

Sarki ya daka masa tsawa. "Rana za ta cinye ka!"

Auta ya ce, "Ta ci ma, na dai ga fili."

Suka kama hanya, Tasalla a ƙasa, Auta a sama. Rana ta buɗe, Auta ya fara ramewa. Tasalla ta kai shi kogi, ya sha. Suka ci gaba, ya ƙara ramewa. Ta kai shi tafki, ya sha. Da suka hango ganuwar birni, Auta ya koma kamar faifai, ga shi ba kogi, ba tafki. Ya ce, "Tasalla, na ƙare."

Ta ce, "Ba ka ƙare ba." Ta ɗauki gorarta, ɗan ruwan da ya rage mata, ta miƙa masa. Maƙogwaronta ya bushe, amma ta ja waƙa:

"Zafi nawa, sanyi na Iya,
Sai na kai wa Iya nata."

Auta ya lallaɓa, ya lallaɓa, ya tsaya daidai kan gidansu. Ɗis. Ɗis. Ɗis. Sai yaaa! Ƙasa ta saki ƙamshi. Iya Kande ta shaƙa, ta tashi zaune, ta ce, "Shi ne! A ba ni tuwo."

Gari ya fashe da guɗa. Makaɗa suka fito, yara suna tsalle tsirara cikin ruwa. Tasalla kuwa ta shige rumfa ta ƙudundune, tana jiran rana ta dawo.

Auta ya koma gida ya ba yayyensa labari. Tun daga nan, kowace shekara sai su taso ayari guda, su yi 'yan watanni, su koma. Abin da muke kira damina ke nan.

Ƙurunƙus, na ɗaure bakin tatsuniya na ajiye. Ku riƙe wannan, yara: kowa da yanayin da jikinsa ke so. Ka faɗi naka ba tsoro, kuma ka taya wani neman nasa.