Igiyar Barmo

A zamanin da giwaye ke kiwo a inda kasuwar Tsaunin Gajere take ci yau, fari ya koro wata ƙungiyar maharba daga arewa, da matansu da 'ya'yansu. Shugabansu shi ne Barmo, na gaba mai share ƙaya, bangon marasa ƙarfi. An ce wata tsohuwar gada ce ta tsaya a gabansa, ta tona ƙasa da kofato, ta nuna masa inda ruwa yake kwance.

Barmo bai iya shugabancin nuni da yatsa ba. In an raba nama, sai kowa ya ɗauka sannan ya tattara saura. Da aka tashi haƙa rijiya, shi ya ɗaura igiya a ƙugu, domin ƙasar wurin rairayi ce, tana ruftawa da mutum.

Mataimakinsa Gajere ya ce, "Haba Sarkin Baka, ai wannan ba aikinka ba ne."

Barmo ya ce, "In za ta rufta, gara ta rufta da ni. Kai dai riƙe mini igiya."

Kwana da kwanaki yana haƙa, ana jan ƙasa, ƙishirwa kuwa ta fara kashe yara. Tun mutane na leƙa shi har suka saba da rashin ganinsa. Fuskar Gajere suke gani kullum a bakin rami, yana ta ba da umarni.

Ran da ruwa ya ɓuɓɓugo, Barmo ko kurɓa bai yi ba. Ya cika gora, ya kwance igiyar ƙugunsa ya ɗaura mata, ya ɗaga murya ya ce, "Ku fara ba yara!"

Gajere ya jawo gora, ya ɗaga ta sama. Mata suka rangaɗa guɗa, maza suka saɓa shi a kafaɗa suka nufi sansani suna masa kirari, igiya na jan ƙasa a bayansu. Abin takaici, babu mugu a cikinsu ko ɗaya. Mantawa kawai suka yi. Barmo ya yi ta kira har gefen da ruwa ya jiƙa ya zubo masa.

Ko da suka tuna da shi suka dawo, ƙasa ta riga ta kashe shi. Suka yashe rijiyar, suka binne shi, suka naɗa Gajere, garin da suka kafa a wurin ya ɗauki sunan sabon shugaban. Rijiyar tana nan, ba ta taɓa ƙafewa ba. Abin da Barmo ya bar musu kuwa al'ada ce guda: har gobe a garin nan, mahaƙi ba ya sauka rami sai wanda suka fito ciki ɗaya ne ke riƙe da igiya.