Ruwan Wankan Hakimi

An yi wani hakimi da ya gina wa gari babban lambatu, ya kafa doka cewa ba mai jona bututunsa sai da izini. Jatau wanzami ya jona na banɗakinsa bai tambayi kowa ba. Aka gurfanar da shi a fada.

Hakimi ya ce, "Je ka kwashe ruwanka daga lambatuna, ko ɗigo kada ka bari, kuma kada ka taɓa na kowa. In ka kasa, a rushe banɗakin."

Jatau ya sosa ƙeya. "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai ruwan wankanmu tare yake gangarowa. Ka zo ka nuna mini naka."

"Ni zan shiga kwata?"

"To bari in kwashe duka. Maƙwabcina boka ya daɗe yana neman ruwan wankan babban mutum, shi zai ware mana."

Hakimi ya zabura har rawani ya karkace. "Kai! Duk wanda ya taɓa ruwan nan sai na ɗaure shi! A ba Jatau izini, a ƙara masa bututu, ruwansa ya riƙa kora nawa da sauri!"