Igiyar Da Aka Auna Wa Mota

Akwai wani bawan Allah, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a asibiti, wanda dangin matarsa suke kira Ango har bayan shekara goma sha huɗu da aure. Mutum ne kamili, mai ƙarancin magana, wanda ba a taɓa jin sunansa a wani abin ashsha ba.

Surukarsa tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, kowa Malama yake ce mata. Shekara talatin ta yi tana tafiya da kai a miƙe, ɗalibai na gyara tsayuwa in sun jiyo takunta. Irin matan nan ne da suka gwammace su kwana da ciwo da a ji nishinsu.

Wata rana santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi aiki, ya yi kyau. Likita ya ce saura gashin ƙashi da motsa jiki sau biyu a mako, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, keken guragu ya zama makomarta.

Zuwan farko, a motar Ango aka kai ta. Motar mai ɗan tudu ce. Da za a dawo, Malama ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ƙafar ta ƙi kaiwa bakin ƙofa. Masu gadi biyu suka ciccibe ta suka saka. Ana cikin haka wata tsohuwar ɗalibarta ta tsaya tana salati.

"Wayyo Malama! Ke ce kika koma haka?"

Aka mayar da Malama gida. Da ta shiga ɗakinta ta dubi autarta, matar Ango, ta ce, "Na gama zuwa asibiti. Ni ba buhun siminti ba ce."

Aka kawo ƙaramar mota, sai ga shi in ta zauna ba ta iya tashi sai an jawo ta. Babban ɗanta, wanda ake kira Yaya Babba, ya kawo tasa, ta ma fi ta Ango tudu. Aka yi lallashi, aka yi nasiha. Mako uku suka wuce, ƙafa tana ƙara nauyi.

Shi Ango bai sa baki ba, ido ya sa. Ya lura cewa akwai matakala guda tsakanin barandar Malama da tsakar gida, kuma kullum tana hawanta ita kaɗai da sandarta. Ya samo igiya, ya auna tsawon matakalar, ya ƙulla. Ya je ya gwada a bakin ƙofar motarsa. Motar ta ɗara ƙullin da yatsu uku.

Washegari ya nufi garejin wani dattijon bakanike.

"Oga, so nake motar nan ta sauko zuwa nan," ya ce, ya nuna ƙullin.

Bakaniken ya kalli igiyar, ya kalli furfurar da ta fara fito wa Ango a gemu, ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, yaran da ke kawo mini wannan aikin hoto suke nuna mini a waya. Kai ne na farko da ya zo da igiya, kamar mai sayen rago."

Ango ya gaya masa dalili, ya roƙe shi ya riƙe sirri. Bakaniken ya daina dariya, ya goge hannu da tsumma.

"To, saurara. Masu gaggawa yanke sifirin suke yi, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Mota ta sauko, amma ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Mai ciwon ƙugu ba za ta kai kwanar farko ba. Sai dai mu sa gajerun sifirin na ainihi, mu haɗa da shokozoba, mai shanye girgiza, da aka yi dominsu, don in ka bar tsohuwar shokozoba a kan gajeren sifirin, wata biyu ta zubar da mai. Sannan a sake saitin tayoyi. Kuma ka sani, daga yau kai da tudun rage gudu sai lallami. A karkace za ka riƙa hawa, a hankali."

"Na yarda."

"Tsofaffin kuma zan ɗaure maka su in ajiye. Ba a san gobe ba."

Kwana biyu aka yi ana aikin. Da aka sauke motar daga jak, bakaniken da kansa ya durƙusa ya gwada igiyar. Ƙulli ya zauna daidai bakin ƙofa.

Tun kafin motar ta isa gidan Malama, labarinta ya riga ta. An ga Ango yana hawa tudun rage gudu a karkace kamar ƙaguwa, motoci na danna masa ham. Yaya Babba ya tare shi a bakin layi.

"Ango, Ango! Tsufa ya zo sai ƙuruciya ta motsa? Saura ka sa salansa mai ƙara da baƙin gilashi. Ko dai wata ce ta ce ba ta son doguwar mota?"

Ango ya yi murmushi ya ce, "Yaya ke nan."

Ko matarsa bai gaya wa ba, domin ya san Auta ba ta iya ɓoye wa uwarta komai. Ya kuma san idan dangi suka fara yaɗa cewa an gajarta mota saboda Malama ta kasa, ko kallon motar ba za ta yi ba.

Maganar ta kai kunnen Malama, an ƙara mata gishiri. Ta aika a kira shi. Ya zo da hantsi, ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye.

"Malam," ta ce, don ita ba ta taɓa kiransa Ango ba, "na ba ka 'yata ne saboda natsuwarka. Yau ana nuna gidana da baki, ana cewa surukin Malama ya shiga sahun 'yan gayu. Me ya kai ka?"

"Mama, ki yi haƙuri. Amma kafin ki yanke hukunci, ki daure ki duba aikin da idonki. Kin sha faɗa mana ba kya sa wa ɗaliba maki sai kin ga takardarta."

Maganar ta kama ta. Ta ɗauki sanda, ta sauka matakalar, ta taka har inda ya ajiye motar a tsakar gida. Ya buɗe ƙofar gaba, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya.

Malama ta dubi bakin ƙofar. Ta juya ta dubi matakalarta. Ta sake duban ƙofar. A kan kujera ta hangi igiya mai ƙulli.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta dafa ƙofa, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta hau. Ta juya a hankali ta zauna, babu hannun kowa a jikinta.

Auta ta rufe baki tana hawaye. Malama ta gyara mayafi, ta kalli gaba.

"Yau wace rana ce?"

"Talata, Mama."

"To tsayuwar me kake yi? Ƙarfe goma sha ɗaya likitan yake tashi."

A tudun bakin layi suka tarar da Yaya Babba da abokansa. Ango ya karkata motar yana lallaɓawa, dariya ta tashi. Malama ta sauke gilashi, dariyar ta ɗauke.

"Babba, zo nan. Shekara hamsin ina kai ɗinki wurin tela, ba a taɓa yi mini rigar da ta zauna mini kamar motar nan ba. Kai da ka fi shi baki, me ka auna?"

Yaya Babba ya sosa ƙeya. Da yamma ya je har gida ya ba Ango haƙuri.

Wata huɗu Malama ba ta fasa zuwa asibiti ko sau ɗaya ba. Ranar da likita ya ce ta ajiye sanda, ta ɗauko igiyar nan daga jakarta ta miƙa wa surukinta. Ta kwance tsohon ƙullin, ta yi sabo, yatsu uku a sama.

"Ka kai wa bakanikenka," ta ce. "Ka ce Malama tana gaishe shi, kuma ya kwanto tsofaffin sifirin da ya ajiye, ya mayar wa motar. Na gaji da tafiyar ƙaguwa."

Darasi: Kada ku yi gaggawar yanke wa mutumin kirki hukunci don kun ga ya yi abin da bai yi kama da shi ba, wataƙila mutuncin wani yake rufewa da nasa. Taimako na ƙwarai shi ne wanda ya bar wa mai rauni darajarsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinyar iyaye.